Fim ɗin Sabo da Ya Tafi Kano Bai Dawo Ba

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Sabo makwancinsa a Wudil. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a koyarwa, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, ya rabu da kowa lafiya. Amma ni duk sanda wannan wata ya zagayo, abu ɗaya ne yake tsaya mini a rai. Bana na ce bari in rubuta shi, tunda waɗanda suka san zancen sun kusa ƙarewa.

Taubashina ne, ɗan Kawu Ilu, wan mahaifiyata. Tun muna yara muke musun wane ne bawan wani, har ya koma ga Allah ba mu raba gardamar ba. Kawu Ilu dillalin shanu ne a karar Wudil, wato kasuwar dabbobi, irin dillalin da Bafulatani zai koro masa shanu tun daga daji, ya danƙa masa, ya shiga kasuwa cefane hankalinsa kwance. Wanda aka sayar a ba shi haƙƙinsa, wanda bai shiga ba a mayar masa da abinsa yadda ya kawo. A wannan gida Sabo ya tashi, ya ɗauka haka duk duniya ake ciniki.

Da kuɗin mai ya fara zuba, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, gari ya ruɗe. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ya kwashe rufin azara ya sa kwano. Sabo yana koyarwa a firamaren Utai a lokacin. Muna jira ya shigo gari a kan sabon babur, sai ga shi da wata tsohuwar kyamarar ɗaukar fim a jakar fata, wai wani Bature mai aikin hanya ne ya sayar masa da zai koma ƙasarsu. Na ce, “Kai, an yi asarar ariyas! Ita za ka riƙa hawa zuwa Utai?” Ya ce in bari sunansa ya fito a bango, ni zan riƙa riƙe masa jaka.

Rani guda ya yi yana ɗauka. Labarin ba wani mai tsawo ba ne: sa ne ya tsinke a kara ranar Juma'a, ya faɗa kogi, gari ya bi shi. Masunta suka shigo da kwale-kwalensu, ga mahauta, ga masu tukwane, kowa ya fito a matsayin kansa. Saura dillali. Sabo ya yi ta zarya wajen mahaifinsa, Kawu yana cewa shi ba ɗan wasa ba ne. Da ƙyar ya amince, shi ma sai da ya tambaya, “A majigi za a nuna ko?” Sabo ya ce a majigi.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan tambaya ba. Majigi a fili ake kafa shi, a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, dattawa a kan tabarma, mata daga baya, mai sharhi yana bayani a lasifika. Silima kuwa, a idon iyayenmu, matattarar 'yan iska ce, mai mutunci ko ta ƙofarta ba ya so a gan shi. Aron fuskarsa Kawu ya ba ɗansa, bisa wannan sharaɗi.

Akwai wani wuri a fim ɗin da ba shirya shi aka yi ba. An kamo san, kowa ya gaji, Kawu yana zaune a bakin kogi da rawaninsa, aka miƙo masa ƙwaryar fura. Ya ɗaga ya sha mai yawa, ya goge baki da bayan hannu, ya yi wata dariya da ni ban taɓa ganin ya yi irinta ba. Sabo yana gefe, kyamara tana juyawa. Ya ce mini duk fim ɗin babu wurin da ya kai wannan.

Aka aika fim ɗin ƙasar waje aka wanko, ya dawo a gwangwanaye, babu murya, kuma kwafi ɗaya tak. Daga nan aka shiga maganar wa zai kai shi ga jama'a. Hanya biyu ce. Akwai Tanimu Mai Majigi, ɗan gari, mai wata tsohuwar mota da injin wuta da yake yawo da su ƙauye-ƙauye, Lajawa yau, Utai gobe. Ya ce Sabo ya shiga gaban mota da gwangwanayensa a cinya, ya riƙe lasifika ya yi sharhi da bakinsa, abin da Allah ya kawo a raba. Amma fa a faɗi gaskiya, na'urar Tanimu cin fim take yi. Ranar da muka gwada a bangon aji, mu uku, ba a yi nisa ba ta tauna farkon fim ɗin, Sabo ya kusa yin kuka. Tanimu ya tofa yawu ya goge, ya ce ai ba komai. Shi ke nan ganin da na yi wa fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe.

Ɗaya hanyar ita ce wani babban kamfani a Kano, mai gidajen silima a manyan garuruwa. Ni na raka Sabo. Ofis mai sanyi, aka kawo mana lemo, manaja ya yi ta kiransa darakta. Ya ce za a kai Legas a sa masa murya, a buga kwafi da yawa, a nuna a ko'ina. Sabo ya yi kwanaki yana juya abin a ransa. Ƙarshe ya ce mini, idan ya ba Tanimu, kafin damina fim ɗin ya zama tsumma. Idan kamfani ya buga kwafi, zai karɓo ɗaya ya kafa majigi a Wudil, Baba ya gani, alkawari ya cika. Nunin da za a yi a silimar Kano kuwa, wa zai gaya wa Baba? Na ce to idan ba su buga ba fa? Ya kalle ni kamar na yi wauta. Ya ce, “Sai su dawo mini da abina mana. Ai dillalai ne.” Haka ya miƙa gwangwanayen, suka yi musabaha, muka fito yana ta yi mini gori a kan zancen jaka.

Wata da watanni shiru. Duk zuwan da ya yi, a ce ana kan sa murya. Sai rannan wani direban motar shanu ya tare shi a tasha yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce ya ga Alhaji Ilu a silima. Sabo bai tsaya tambayar dalilin dariyar ba. Muka sa manyan kaya muka tafi Kano, muka yanki tikiti kamar kowa.

Kafin fim ɗin Indiya akan fara da tallace-tallace. Aka yi na sabulu, aka yi na batir. Sai ga gadar Wudil, ga kwale-kwale, ga shanu, da wani kiɗa da ba mu san shi ba. Sabo ya damƙe hannuna. Ga Kawu da rawaninsa, ya ɗaga ƙwarya, ya sha, ya goge baki, ya yi dariyar nan tasa. Ƙiftawar ido sai allo ya cika da kwalbar giya tana raɓa, wata murya tana cewa bayan gajiya ita ce abokiyar maza.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na ɗauka idona ne. Gidan ya ɗauki shewa, wani daga baya ya ce, “Alhaji, a sha lafiya!” Ban san sanda Sabo ya miƙe ba. Ganinsa kawai na yi a tsaye cikin hasken na'ura, inuwarsa ta rufe rabin allo, yana ihu, “Ubana ne! Fura ce! Wallahi fura ce!” Aka yi ta jifansa da ɓawon gyaɗa ana cewa ya zauna. Ni na jawo shi waje.

Washegari manaja ko kunya bai ji ba. Ya ce, “Malam, fim ɗinka babu waƙa, babu faɗa. Wa zai yanki tikiti ya kalli sa yana iyo? Masu talla sun ga wurin da ya yi musu, sun yanka. Ai taimakonka aka yi.” Sabo ya ce ragowar fa? Manaja ya ce a Legas aka yi yankan, wa yake adana guntaye? Sabo ya roƙe shi a cire tallan, har ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba sai iyayensa. Manaja ya ce ya riga ya bazu garuruwa, ba a hannunsa yake ba. Ashe akwai cinikin da za ka ba mutum dabba amana, ya yanke cinya ya sayar, ya zubar da sauran, kuma ya jira godiya.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Mutanen Wudil sun san fura ce, da yawansu suna bakin kogi ranar. Amma kara ba ta 'yan Wudil kaɗai ba ce. Wata Juma'a wani dattijon Bafulatani da ya shekara da shekaru yana kawo wa Kawu shanu ya koro su ya wuce turkensa, ko gaisuwa babu, ya kai wa wani. Da yamma Kawu ya kira Sabo zaure, ina zaune. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Sabo, mutumin da ka ba, wa ya san shi? Wa ya san gidan ubansa?” Kawu ya ce, “Ni ko akuya ba na ba wanda ba a sani ba. Kai ka ɗauki fuskata ka bayar.”

Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu. Amma daga ranar ba a ƙara ganin Kawu Ilu ya kai abin sha bakinsa a gaban mutane ba. Mai yini a kara cikin zafin bazara, sai ya zagaya bayan rumfa ya sha ruwa. Da azumi a masallaci dabino kawai yake karɓa, ruwa sai ya koma gida. Sabo yana ganin wannan kullum, kuma ya fi masa zafi a kan duka.

Yanzu idan na bi ta ƙofar jami'a na ga matasa kowa da waya a hannu yana ɗaukar kowa, ba izini ba sallama, nakan ce ina ma Sabo yana nan. Na ji masu shirya fim na yanzu suna irin gardamar da muka yi, a miƙa wa manyan kamfanonin intanet ko mutum ya lallaɓa da ƙananan 'yan kasuwar da ya sani. Ba na jin zai ce musu manya duk macuta ne, domin har ya mutu bai daina cewa na'urar Tanimu ma da ta cinye fim ɗin ba. Abin da na san zai tambaye su shi ne fuskar wa da wa ke ciki, kuma me suka gaya wa masu fuskar. Ɗalibansa da yawa sun gaya mini bai taɓa yi musu alkawarin da bai cika ba, ko na alli ne. Sun ɗauka halinsa ne tun asali. Ni na san inda ya saye shi, da tsadar da ya yi masa.

Kawu bai taɓa zama gaban mai hoto ba, kafin wannan abu ko bayansa. Da gidajen silima suka fara mutuwa ana mayar da su shaguna da ɗakunan ajiya, Sabo, da furfurarsa, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana roƙon masu gadi su bar shi ya duba tsofaffin gwangwanaye. Bai samu ba. A jinyarsa ta ƙarshe na je duba shi, na ga yana da ɗan ƙarfi, sai na ja shi da wasa yadda muka saba. Na ce, “To bawana, da ka samu tallan nan, me za ka yi da shi?”

Ya ce, “Ƙona shi zan yi.”

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, “Amma sai na kalla sau ɗaya tukuna. Na manta yadda Baba yake dariya.”

Allah Ya jiƙan uba da ɗa, Ya haɗa fuskokinsu a inda babu mai yanke ta wani.