Gurbin da Kafinta Ya Sassaƙa

Kafinta ba ya miƙa aiki sai ya girgiza shi. Kujera ce ko ƙofa, in ta yi motsi ko kaɗan, sai ta koma kan benci. Masu lura sun ce haka yake riƙe mutanensa ma.

Autarsa ta yi karatu har ta samu aiki a ɗakin bincike. Ranar hutu takan zauna a shagon tana kaɗe garin katako daga mayafinta, tana ba shi labari. Wai a bayan ƙwayoyin jikinmu akwai sukari iri-iri a tsaitsaye kamar gashi. Ƙwayar cuta kuma tana da wani sinadari da ake kira furotin, mai gurbi. In gurbin ya dace da siffar wani sukari sai ta kama, ciwo ya samu wurin zama.

Labarin ya yi masa daɗi. Abin da ya tsaya masa a wuya, komai da "Farfesa ya ce" take farawa, wato shugaban ɗakin bincikensu. Rannan har ta ce, "Ai kamar uba yake gare mu."

"Uba nawa mutum yake buƙata?" in ji shi, idonsa na kan zarto.

Matarsa ta tuntsire da dariya. "Tsofai-tsofai da kai, kana kishin wanda ko fuskarsa ba ka sani ba!"

Ya zaɓi katako mai kyau, ya sassaƙa furotin da gurbinsa, ya fere sukarin, don Auta ta nuna wa ɗalibai a tambaye ta wa ya yi. Ya haɗa su gam, ko iska ba ta ratsawa.

Auta ta ja, ta murɗa, sukari ya ƙi fita.

"Baba, ka matse da yawa. Riƙo ɗaya sako-sako ne, yana kamawa yana saki. Yawansu ne ƙarfinsu."

"Farfesa ne ya ce?"

"Ni na auna da hannuna."

Ya daɗe yana jujjuya abin. A sana'arsa, sako-sako abin kunya ne. Amma wannan karon maganar 'yarsa ce.

Ya fara sabo mai gurabu da yawa. Hannu ya riga ya saba: kowanne sai ya fito a matse, ya koma yana kankarewa a hankali, yana gunaguni. A haka rai ya yi halinsa.

Katakon yana kan teburin Auta, gaban irinsa na roba da Farfesa ya ba ta. Sauran gurabun da bai kai ga sassaƙawa ba, zanen fensir ne kawai.