Audugar Issoufou Mai Kaset

Ana ta yaɗawa a unguwarmu Harobanda wai Issoufou mai kaset kurma ne, wai wata tsohuwa ce ta rusa kuka a shagonsa har dodon kunnensa ya fashe, ɓari guda ya faɗa can unguwar Kirkissoye. Ƙarya ce. Taubashina ne, na san kunnen nan. Daga ƙetaren gada yake jin an buɗe tukunyar dambu.

Auduga ce kawai. Zamanin da tarho sai gidan manya, mai ɗa ko miji a Abijan shagon Issoufou yake zuwa. Sai ya sa kaset a rajo, ya danna jan maɓalli, ya toshe kunne da auduga, ya koma benci a waje har mai magana ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sannan ya naɗe kaset da takarda, ya liƙe da ƙaro, ya damƙa wa direba hannu da hannu. Mata sun sha kuka a ɗakin nan, maza sun roƙi gafara, shi yana waje yana korar ƙuda.

Kaset ɗaya ce ba ta tafi ba. Amadou tela ya yi wa ƴarsa Balkissa, da ke aure a Abijan, sai hanya ta rufe, shi kuma ya rasu. Shekara ashirin kaset ɗin tana ƙasan akwatin Issoufou. Bana Balkissa ta samu lambarsa, ta roƙi muryar babanta.

Ya juye kaset ɗin a ordinata, wato kwamfuta, sauti a kashe, yana kallon koren layi na tsalle. Aikawa ce ta zama rigima. Ya ce maganar mamaci ba za ta bi iska tsirara ba. Ya zaga siber, shagunan intanet, har bakwai, ni na ce saba'in, har aka nuna masa hanyar da saƙo ke kulluwa daga hannunsa, ba ya buɗuwa sai a wayarta, ko masu rezo, kamfanin waya, ba sa ji. Mabuɗin kuwa sai da ya kira ta, ya tambayi sunan kakarta, kafin ya faɗa mata. Da ta ce ta ji, ya goge nasa kwafin.

Na ce, "Taubashi, shekara ashirin ko ɗanɗanawa ba ka yi ba? Ni minti ɗaya ya ishe ni."

Bai ko ɗago kai ba. "Shi ya sa ni ake ba amana. Kai ko gaisuwa aka ba ka, sai ta isa gida da ƴaƴa uku."