Siket Ɗin Mai Rara

A shagon da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, akwai wata tela da kowa ke kira Mai Rara. Hannunta ne ya jawo mata sunan. Ba ta ɗinka wa mace kaya sai ta naɗe rarar yadi ta ciki, a gefen ɗinki. In an yi ƙorafi ta ce, "Jikin mace ba ya zama wuri ɗaya. Wata rana za ki gode min." Kuma suna dawowa, ciki ya turo riga, ta buɗa musu tana yi musu tsiya.

Ita kuwa aurenta ya daɗe, nata siket bai taɓa neman buɗi ba. Sai bana mararta ta fara tasowa. Ranar da ta warware ɗinkin farko, murna ta cika ta. Al'adarta ba ta ɗauke ba, ƙaruwa ma ta yi, ga jiri, ga yawan fitsari, amma mai son abu ba ya rasa hujja. Tana taka keke, hankalinta na can wani wuri. Sai ta riƙa ganin wata 'yar yarinya a ƙarƙashin tebur tana tsintar ƙyallaye, zare ya maƙale mata a gashi.

Yayarta ce ta gaji. "Ke, dubi idonki fari fat. Tashi mu je a yi miki hoton ciki."

"Yaya, a bar shi ya yi ƙwari mana."

"Tashi na ce."

Tsoro take ji, don ta san hoto ba ya kara. A asibiti, ɗakin hoton ba haske sosai. Ma'aikaciyar ta shafa mata wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'ura tana zagayawa a hankali. A allon, wani abu kamar hadari yana taruwa yana watsewa. Mai Rara ta ƙura ido tana neman ɗan hannu, ko ɗan kai. Abin da ta gani shi ne matar tana awo daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda ita take auna kafaɗa.

Likita ce ta gaya mata. "Ba ciki ba ne, ƙari ne a mahaifa. Mata da yawa suna da shi, kuma irinsa da wuya ya zama ciwon daji. Hoton ya nuna girmansa da inda ya zauna. Naki za a iya cire shi a bar mahaifar."

"Haihuwa fa?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Amma ba a rufe ƙofa ba."

Ta yi kuka sosai a hanya, kukan yarinyar da ba a taɓa samu ba.

Bayan an yi mata aiki ta warke, ta koma shago, siket yana zamewa daga ƙugunta. Ta juya shi baibai, ta ɗora a keke. Yaya ta miƙo almakashi. "Yanke wannan yadin, ya yi yawa."

Mai Rara ta ajiye almakashin a gefe. Ta naɗe rarar ta ciki, ta daidaita ta da farce, ta bi ta da ɗinki.