Doña Nélida, Mai Ɓata Aiki da Gangan

Ƙarfe bakwai saura kwata motar ma'aikata ke sauke Doña Nélida Ludueña a ƙofar tasharmu da ke cikin duwatsun Córdoba, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka. Kafin ta gaisa da kowa sai ta ɗora ruwan mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo. Ba ta yarda ya tafasa, duk wanda ya tafasa mata ruwa ranar ya shiga uku. Ta zauna da ƙoƙonta da burodin criollo biyu, ta buɗe kwamfuta, ta nemo aikin da muka gama jiya muna murna, ta ɓata shi da gangan.

Tauraron ɗan'adam da muke lura da shi yana auna damshin ƙasa da cikar koguna, da bayanansa ake gargaɗin garuruwan bakin ruwa kafin ambaliya. Minti goma kacal muke jin sa in ya ratsa ta kanmu. Sauran lokacin shi kaɗai ne, kuma babu makanikin da zai hau can da sifana. Saboda haka manhajar cikinsa ita ke kula da kanta: ta gano matsala, ta yanke shawara, ta gyara. Mu kuma aikinmu mu tabbatar ta hanyar lissafi cewa duk halin da ta shiga ba za ta yi shirme ba. Muna da manhajar tantancewa mai bin kowane hali ɗaya bayan ɗaya. In doka ta tabbata sai ta nuna kore, in akwai ɓaraka ta nuna ja.

Mu dai kore muke so. Doña Nélida kuwa ba ta yarda da kore sai ta goge wani layi mai muhimmanci ta ga ya koma ja, sannan ta mayar da layin. Na yi shekaru ina ganin wannan ɓata lokaci ne, kuma ban ɓoye ba, har kwaikwayonta nake yi a ɗakin cin abinci.

Shekara shida da suka wuce, saura mako uku a naɗe tauraron a kai shi wurin harbawa, ta kira ni. Sunana Efraín, amma a tashar Dogo ake ce mini.

"Dogo, jawo kujerarka."

"Doña, ai an gama. Tun Juma'a kore ne."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Wannan layin me yake yi?"

"Shi ke juya tauraron ya fuskanci rana in batir ya yi ƙasa."

Ta goge shi a gabana, ta sake tayar da tantancewa. Muka jira. Kore.

"To, ɗan nan," ta ce, "na cire wa tauraronka wuya, amma ga shi an ce zai waiwaya. Wa ke ƙarya, ni ko kai ko na'ura?"

Na koma na bi dokar daga farko. Dokar tana cewa duk lokacin da batir ya sauka ƙasa da kashi talatin, tauraron zai kashe komai ya juya ga rana. Ni ne na rubuta wa na'urar bayanin batirin, kuma na kwafo daga takardar masu ƙera shi cewa ba ya sauka ƙasa da arba'in. Sai na'urar ta duba ta ga ranar da dokar ke magana a kai ba za ta taɓa zuwa ba, don haka ba a taɓa karya ta ba, ta ba mu kore. Da muka gyara lambar, ja ya fito. Sashen da ke juya tauraron yana jiran sashen wuta ya ba shi izini, sashen wuta kuma yana jiran a juya tukuna. Da haka za su zauna suna kallon juna har batir ya mutu.

Shugabanmu, Injiniya Altamirano, ya shigo yana kumfar baki.

"Doña, an sa ranar jirgin da zai ɗauki tauraron. Kina so in kira Buenos Aires in ce wata mata ta goge layi ɗaya?"

"Ka ce tsohuwa ce, za su fi tausaya maka."

"Wa ya sa wannan lambar?"

"Mu," in ji ta, ta miƙa masa mate.

Mako bakwai aka ɗaga tafiyar. Ita ta sha zagin, ita aka hana ƙarin girma a shekarar, kuma har yau ba ta faɗi sunana ba. Ni ne yau nake faɗa da bakina.

Ke ce, Doña, kika ɗauki laifin da ba naki ba kika yi shiru. Ke ce ba a taɓa sa hotonki a jarida ranar harbi ba, don kina baya kina tambayar abin da muka ɗauka gaskiya ne ba mu bincika ba.

A farkon watan nan muka sa ranar Asabar don gasa naman sallamar Doña Nélida, za ta yi ritaya. Ranar Talata da safe tauraron ya zo wucewa, Zulema mai kula da eriya ta ɗago kai ta ce, "Ba ya magana." Muka ce wataƙila eriya ce. Da yamma ma shiru. Masu lura da rana suka ce ta yi aman wuta kwana biyu kafin nan, mai yiwuwa rediyon tauraron ya ƙone. Akwai rediyo na biyu, amma manhajar ba ta komawa kansa sai ta yi kwana biyar ba ta ji mu ba, kuma sai in batir ya kai ta. Batirin ya shekara shida. A arewa kuma ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, masu gargaɗin ambaliya suna kira safe da yamma, ba mu da abin ba su.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Naman Asabar ya koma firij, ba wanda ya ko ambace shi. Ranar Juma'a na same ta a bakin taga na ce, "Doña, zai dawo, ko? Ai mun tabbatar."

"Abin da muka rubuta muka tabbatar, Dogo. Abin da bai zo mana a rai ba, ban san shi ba."

Na so ta yi mini ƙarya, ta ƙi. A ranar ne Zulema ta manta buta a wuta har ruwan ya tafasa. Doña Nélida ta zuba, ta shanye, ba ta ce uffan ba. Nan hankalina ya ƙara tashi, don na gane ita ma tunaninta ba ya tare da mu.

Lahadi ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safe ya kamata tauraron ya ɓullo ta bayan dutse. Muka cika ɗakin. Minti ɗaya ya wuce, biyu, uku. Altamirano ya cire tabarau yana goge shi da rigarsa. A minti na huɗu Zulema ta ce a hankali, "Ga shi nan."

Da bayanan suka sauko muka ga batirin ya faɗi har kashi ashirin da huɗu tun ranar Laraba. Manhajar ta kashe komai, ta juya ga rana, ta jira, ta koma rediyo na biyu. Hanyar nan da muka gyara shekara shida baya ce ta bi, wadda da a ce an bar ta yadda na rubuta, da tauraron ya mutu tun Laraba. Na juya in ce mata wani abu, sai ta riga ni.

"Wa ya tafasa mini ruwa shekaranjiya?"

Mun gode, Doña Nélida. Garuruwan da aka gargaɗa da yammacin ranar ba su san sunanki ba, mu mun sani. Ku kuma masu irin aikinmu, da duk wanda ake jiran sa hannunsa kafin a ce abu ya yi, kada ku bar wannan ɗabi'a ta tafi gida tare da ita.

Ta tafi yanzu, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro bai sake ni ba. Jiya aka kawo sabon gyaran da za a aika wa tauraron, na tayar da tantancewa, kore ya fito, Altamirano yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na waiwaya kujerarta, babu kowa. Na ce masa ya zauna, na goge layi ɗaya, muka jira ja.