Mukhtaru, Ka Ga Kogin Dnipro Ba Tare Da Ni Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Mukhtaru ɗan Malam Zali, mai shagon jakunkuna da dardumai a unguwar Kudai, nan Makka. Ciwon zuciya ne, kuma bai daɗe yana jinya ba. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i. Babban ɗansa Abdulilah ne ya kira ni. Yaron nan kullum da Larabci yake yi mini magana, amma ran nan da Hausa ya ce, "Baffa Mahadi, Baba ya rasu."

Mukhtaru, ka san ni ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Zan faɗi alherinka, don yana da yawa. Amma ina da ƙorafi, kuma da kai nake.

Kai a Makka aka haife ka, kakanka ne ya taso daga Kano da ƙafa, saboda haka kana da takardar zama ɗan ƙasa da fasfo. Ni kuwa ina saurayi na zo aikin Hajji daga Gusau, na maƙale, har kaina ya yi furfura ban taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba. Wannan bai taɓa sa ka ɗaga mini kafaɗa ba. Gidan da nake haya a unguwar Ka'akiyya da sunanka aka kama shi. Duk lokacin Hajji, idan aka matsa da binciken takardu, kai kake zuwa da motarka ka kwashe ni da iyalina zuwa gidanka na unguwar Shisha, matarka Maryama ta yi ta ɗawainiya da mu ba ko ɓata fuska. Ranar ɗaurin auren 'yata Mubina na kasa magana don kuka, kai ka tsaya ka yi komai. A shagonka kuwa, inda nake aiki, ba wanda ya taɓa jin ka kira ni yaronka. Ɗan'uwana kake cewa, har wasu alhazai suka ɗauka uwarmu ɗaya.

Sai Ma'aruf ya shigo. Ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya tare kusa da gidanka da tsufansa, shi ma haifaffen nan ne mai fasfo. Mutumin da bai san ka kana da baƙin gashi ba! Shi ya zo maka da maganar wani jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido, wai yana tashi daga Kiyev a ƙasar Yukiren, ya bi kogin Dnipro yana tsayawa gari-gari har Odesa a bakin teku. Bazarar da ta gabaci korona ke nan. Da ka gaya mini na ce Allah ya kiyaye hanya, na ci gaba da jera jakunkuna. Ka san ba ni da takardar da zan tsallake ko filin jirgin Jidda, na sani, Ma'aruf ma ya sani. Ba laifin kowa ba ne, amma wallahi na ji zafi.

Kai kuma da kyakkyawar zuciyarka, kullum sai ka kira ni ta bidiyo don in gani. A zatonka daɗi kake sa ni ji. Daga Kiyev ka nuna mini ƙubbobin majami'u masu ruwan zinariya a kan tudu, da wasu ramuka a ƙarƙashin ƙasa inda aka adana gawawwakin malamansu na da, ka ce ka shiga da kyandir ka fito kana a'uzubillahi. A Zaforojiya ka kusa fasa mini kunne da ihu, saboda jirginku ya shiga wata makekiyar rijiya ta siminti, an rufe ƙofa ana rage ruwa, kuna sauka ƙasa da jirgin gaba ɗaya. Kowane hoto ka turo, ga Ma'aruf a gefenka da hular malafa, ya dafa kafaɗarka yana washe baki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na alƙibla. Kai da ka tashi Ka'aba na kusa da gidanku, sai ga ka a saman jirgi kana neman alƙibla da waya. Ka ce kun tayar da kabbara kuna fuskantar kudu, kafin ku kai raka'a ta biyu kogi ya sha kwana, kuka sallame kuna kallon wata gonar fure. Kana ba ni labari kana dariya har da hawaye, ina jiyo dariyar Ma'aruf a bayanka. Na tambaye ka wa ya ja sallar, ka ce shi. Ni da na yi shekara da shekaru ina jan ka salla a lungun shago, tsakanin kwalaye! Na ce maka mai saye ya shigo, na kashe wayar. Ba kowa a shagon, kuma har yau ban ga laifina ba.

Ka dawo mini da kwalbar zuma da riga mai aikin hannu a wuya. Na rantse a zuciyata ba zan taɓa zumar ba, Allah ya yafe mini, kafin Juma'a na ga ƙasan kwalba. Amma labarin bai ƙare da dawowarku ba. Duk inda muka zauna mu uku sai an koma labarin garin Kerson, inda aka ɗauke ku a ƙananan jirage zuwa wani ƙauyen masunta, wata tsohuwa mai suna Nadiya ta soya muku kifi, ta yanka muku kankana, ta kuma janye kwanon naman alade daga gabanku da kanta da ta ga carbinka. Sai an koma Odesa, da doguwar matattakalar nan ta dutse da ke gangarawa tashar jiragen ruwa, inda gwiwarka ta ƙi, Ma'aruf ya riƙe hannunka har ƙasa, da masallacin da kuka samu kuka yi Juma'a. Ɗayanku ya fara zance, ɗayan ya ƙarasa. Ni sai zuba shayi.

Da yaƙi ya ɓarke a can, ka rame kamar danginka ne a garin. Ranar da aka nuna ruwa ya shanye gidaje a yankin Kerson bayan fashewar madatsar ruwa, ka rufe shago da rana tsaka. Ka yi ta cewa ko tsohuwar nan tana raye, ko ta samu wanda ya fitar da ita. Irin zuciyarka ke nan, mace ta ciyar da kai sau ɗaya a duniya amma ka kasa cin abinci saboda ita. Na tausaya musu, Allah shi ne shaida. Sai dai wurin Ma'aruf ka tafi kuka zauna gaban talabijin, kuna nuna tituna kuna cewa nan muka tsaya. Har baƙin cikin ma naku ne ku biyu.

Yanzu ga ƙorafina. Ka san yadda ake zaman makoki a nan: a jera kujeru a ƙofar gida, a kunna fitilu, tsakanin magariba da isha'i 'yan'uwan mamaci su tsaya a sahu, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗarsu. Wanda ke cikin sahun nan shi aka yi wa mutuwa, sauran duk baƙi ne. Ranar farko na iso zan shiga sahu, Abdulilah ya ja ni gefe ya ce, "Baffa, ka zauna ciki wajen masu gahawa. Masu duba takardu suna ta zagaye a unguwa, nan kan titi ne." Na san don kare ni ya yi, ɗanka ne, halinka ya ɗauko. Amma da na leƙo ta taga, wa na gani tsaye kusa da shi? Ma'aruf, ana dafa masa kafaɗa, yana share ido yana gaya wa mutane yadda kuka kwana ɗaki ɗaya a jirgi. Ni ina ciki ina wanke kofuna. Haka aka yi rana ta biyu ma.

Rana ta uku na sa farar jallabiyata, na biyo ta kan titi inda kowa zai gan ni, na ratsa na tsaya tsakanin Abdulilah da Ma'aruf. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Idan za a kama ni, a kama ni a nan, ina karɓar gaisuwar ubanka." Ma'aruf ya matsa, ban ce masa na gode ba. Samarin farko da suka zo ba su san ni ba, suka tsallake ni suka wuce wurinsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ga Nu'uman, tsohon direban nan na tashar Kudai, da sandarsa. Ya dafa ni da hannu biyu ya ce, "Mahadi, ashe kana nan. Tun shekaranjiya kai nake nema, kai aka yi wa wannan mutuwa." Tun da aka binne ka hawaye bai zo mini ba sai a lokacin. Na tsaya a wurin har aka kira isha'i, motar masu binciken ta wuce ta bakin layi ban ko sunkuyar da kai ba.

Allah ya jiƙanka, Mukhtaru. Ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da inuwar da ka yi mini da iyalina. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maryama, da Abdulilah, da ƙannensa Rim da Dalal, da duk 'yan'uwa na nan da na Kano, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ma'aruf ma ina yi masa gaisuwa, ya yi rashi, ko da yake bai kai nawa ba. Allah ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka, ya haɗa mu a can da rahamarsa. Idan kuma Ma'aruf ya riga ni isowa, don Allah ka zaunar da shi, kada ku zaga ko'ina sai na zo.