Masarata Ta Kama Gida, Yayana Ya Ba Da Sunansa

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya same ni, ni bazawara ce mai 'ya'ya uku, ina haya a ɗaki ɗaya a Makarfi, ina suyar awara a ƙofar gida. Mijina ya rasu bai bar mana ko bulo ɗaya ba. Duk damina ɗakin nan yoyo yake, mai gidan kuma da an yi masa maganar gyara sai ya ce ƙofa a buɗe take. Shi ya sa na ƙudurta ko ta halin ƙaƙa sai na sama wa yaran nan inda ba mai korar su.

Ba na ajiye kuɗi a hannu don na san kaina, yau ciwo gobe biki, sai su narke. Idan kaka ta yi masara ta yi araha, sai in saya in aika Nasarawan Doya wurin yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya jibge mini a ɗakin ajiyarsa, in ta yi tsada a sayar a sake juyawa. Shekaru na yi a haka. Zanen kirki ban ɗaura ba, yarana sun sha yin sallah da tsofaffin kaya, hannuna duk tabon mai. Ana nan sai na ji wani dattijo zai sayar da ɗan gidansa mai ɗaki biyu da rijiya a bayan gari, kuma ya yarda a ba shi kafin alƙalami, a cika masa sauran zuwa wata kakar.

Nan na tafka wauta. A wajenmu mace ba ta zama gaban mai unguwa da shaidu tana cinikin gida, namiji take turawa, ni kuma na tura yayana. Ya sayar da masarar kaf, ya dawo ya ce an gama, in ɗan jira dattijon ya kwashe kayansa. Har godiya na durƙusa na yi masa, kaico! Rannan na ce bari in kai yara su ga gidansu. Muna shiga sai ga matar yayana a tsakar gida tana shanya, tana yi mana sannu da zuwa kamar baƙi. Ashe sunansa ya bayar gaban shaidu. Da na tare shi, ko kunya babu, ya ce wai ni mace ce, aure zan yi in kai wa wani ƙato gidan, gara ya zauna a hannunsa, in ci gaba da kawo ciko shi kuma ya ba ni ɗaki ɗaya. Na kai kuka wurin kawunnanmu, suka ce in dubi zumunci, in dubi mahaifiyarmu da ke kabari. Ba wanda ya ce shi ya dubi marayuna. Direban da ke kai buhunan ma cewa ya yi ba ya shiga faɗan 'yan'uwa.

Sai na share hawayena na ƙulla tawa dabarar. Na san noman da yake yi ko gidansa ba ya ciyarwa, da ni ya dogara. Duk sanda ya aiko tambayar ciko, sai in ce ana nan ana tarawa, ya kwantar da hankalinsa. Shi kuwa ya saki jiki, har bashi ya ciyo ya yi wa gidan siminti da fenti. Da wa'adi ya cika ya zo da kansa, ya tsuguna a ƙofar ɗakina yana kira na ƙanwarsa ta kansa, wai dattijon ya sami mai saye kuɗi hannu, in ba a cika ba zai sayar masa. Na ce masa ko sisi ba zai gani ba. Ya ce ai guminki ne zai salwanta, na ce ya salwanta. Dattijon ya cire kuɗin zaman da suka yi ya mayar masa da sauran, masu bin sa bashi suka dira a kai. Ranar da aka fito da kayansu, na sauke kasko na hau acaɓa na je na tsaya ina kallo, na kuma tabbatar ya gan ni. Wallahi ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

Amma daɗin bai saya mini gida ba, har yau a haya muke, na koma tari daga farko. Abin da na koya shi ne kunyar da ta hana ni zama gaban shaidu ita ta cinye ni. 'Yan'uwana mata, in za a kama muku gida ko fili, ku yafa mayafi ku je da ƙafarku, ku ji da kunnenku an ambaci sunanku, ko da mahaifinku ne wakili. Yayan nawa kuwa duk azumi sai ya turo a roƙe ni gafara. Bana ma ya turo, na ce a gaya masa ban yafe ba, mu haɗu gaban Wanda ya ga kowane buhu.