Gayyar Kama Kulɓa

Na sha kiran gayyar noma, na kira ta rufin ɗaki, amma gayyar kama kulɓa sau ɗaya na yi ta, kuma har gobe abokan wasana ba su bar ni na huta ba.

'Yata ta fari ce ta ja mini. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Na tura ta jami'a ina murna za mu samu likita, sai ga yarinya ta ɓuge da karatun ƙadangaru. Wata damina ta je gonarmu ta wajen Randagi, ta ɗauki hoton wata kulɓa a bakin kurmi: siririya, ƙafafunta 'yan mitsi-mitsi, ga ja-ja a maƙogwaro. Malamanta suka ce ba su san irinta ba, amma hoto bai isa ba. Sai an kawo ta da rai, da jelarta cikakkiya, an ƙirga ɓawon jikinta. In hutu ya ƙare ba ta samo ba, za a sauya mata aikin binciken gaba ɗaya.

Ta yi ta zarya ita kaɗai, tana dawowa da taɓo har gwiwa, ba kulɓa ba labarinta. Cikin daji kam na hana ta shiga, kowa ya san halin da ake ciki. Iyakarta kurmin bayan gona, inda ake jiyo carar zakarun gari. Ranar da na ga ta tasa tuwo a gaba ta kasa ci, raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Uwata! Kulɓa ce za ta hana ki cin abinci a gidana? Bar ni da ita."

Bayan sallar Juma'a na yi shelar gayya. Mutane suka yi ta dariya, amma washegari suka fito, kowa da fartanyarsa. Maƙwabcina Bagwari ya zo da ƙannensa, ga makaɗi ya rataya ganga.

Uwata ta zaro ido. "Baba, har da kiɗa?"

Na ce, "Ke, a ina kika taɓa ganin gayya ba kiɗa?"

Ai kuwa aka jeru kamar za a ja kunya, ganga ta ɗauka, maza suka faɗa wa busasshen ganye ana tsere, ana ihu. Wallahi ko kwaɗo bai tsaya a kurmin nan ba. 'Yan kulɓar da aka cim ma kuwa, kowa jela yake cafka, ita kuma ta tsinke ta bar masa ta yi gaba. Kafin azahar mun tara jela rabin ƙwarya, suna ta mutsu-mutsu. Wani dattijo ya kawo jan gwada, yana rantsuwa shi ne na cikin hoton. Uwata ta yi dariya har ta durƙusa, amma na ga idonta ya ciko, kuma na san ba na dariyar ba ne kaɗai. Tausayinta ya kama ni.

Aka yi salla, aka sauke tuwo, matan rugar da ke kusa suka kawo fura da nono. Ciki ya ɗauka, kowa ya nemi inuwa ya miƙe, makaɗi ya yi matashi da gangarsa. Kurmi ya yi tsit. Ni ma na jingina da wata ɗorawa, na cire takalmi, na tura ƙafa cikin ganye mai laima.

Can sai na ji wani sanyi yana bin tafin ƙafata, ya hau kan idon sawu ya tsaya. Na leƙa. Ja-jan maƙogwaron na fara gani.

Mu fa tun muna yara aka ce mana kulɓa dafi gare ta, kuma karatun Uwata bai cire mini wannan ba. Na yunƙura zan zabura. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Baba, don girman Allah kada ka motsa."

Babu addu'ar da ban karanta ba. Ƙuda ya sauka a hancina, na ƙyale shi. Ta rarrafo a hankali da 'yar jakar yadi, maza sun ɗago kai ba mai ko tari. Ta kifa tafin hannunta a kan gadon bayan kulɓar, ta zura ta a jaka, jela da komai. Sannan ne na kurma ihun da na riƙe, kurmi kuwa ya kaure da sowa.

Ta koma makaranta da abarta. Bayan wasu watanni ina kasuwar Birnin Gwari wajen masu hatsi, wayata ta yi ƙara. Uwata ce. Ta ce an ƙirga, an gwada da duk waɗanda aka sani, babu irinta a cikinsu. "Baba, sabuwa ce. An bar mini aikina."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun wani ba, hawaye na zuba, da furfurata da komai. Masu awo suka taso a ruɗe suna salati, suna tambaya wa ya rasu.

Na ce, "Ba wanda ya rasu. Kulɓar 'yata ce ta ci jarrabawa."